Kama da Wane Ba Ta Wane: Nasiha ga Masu Koyon Ingilishi a Damagaram

Ƙannena ƴan lakwal na Damagaram, yau da ku nake, musamman masu shirin BEPC da Bak, da waɗanda suka gama suna hangen jami'o'in Kano ko Zariya ko Akara. Akwai wata hanyar koyon Ingilishi da ta kama ku sosai. Ɗalibi zai raba shafin kayensa gida biyu, ya jero kalmomin da suka yi tarayya a wasu haruffa, a ce duk masu "ear" a tsakiya ko duk masu "ough", ya rubuta ma'anar kowace a gabanta da Faransanci, ya raba dare yana haddacewa. Ban raina wannan himma ba. Wanda ya hana idonsa barci don neman sani sai a ce masa sannu. Sai dai jerin nan yana dasa wa mai karatu wani zato bai sani ba, wato duk kalmomin da suka yi kama a ido dangin juna ne. Wasu kam dangi ne na jini. Wasu gida ɗaya suka tashi amma sun daɗe da rabuwa, kowa ya kama halinsa. Wasu kuma ba abin da ya haɗa su sai fuska, Bahaushe kuwa ya riga ya ce kama da wane ba ta wane.

Ingilishi zan riƙa cewa, domin a garinmu in mutum ya ce Turanci sau da yawa Faransanci yake nufi, ba kamar Kano ba. Kuma maganar ta zo a kan gaɓa. A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa da hukumomin Yamai suka fitar ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta ce Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. Tun kafin doka ta faɗa hanya ta riga ta faɗa. Daga Zinder zuwa Kano bai kai kilomita 250 ba, Yamai kuwa kusan 900 ne. Mai bin Matamai ya faɗa Daura, ko Magarya ya faɗa Ɓaɓura, Hausa ta ishe shi gaisuwa da ciniki, amma da an miƙo masa takarda, ta kwastan ce ko ta asibiti ko ta makaranta, Ingilishi zai gani.

Mu fara da jerin da bai da riba. "Heart" zuciya ce, "year" shekara, "learn" koyo, "bear" kuwa ɗaukar nauyi ko jurewa, kuma sunan wata dabba ce ta ƙasashen sanyi. Haruffa uku iri ɗaya na zaune cikin kowace, amma ba biyu daga cikin huɗun da ake furtawa iri ɗaya, ma'anoninsu kuma ba inda suka gamu. Wanda ya haddace su a jere, ranar jarrabawa abin da zai tuna shi ne akwai wata kalma mai "ear" a layi na uku wajen hagun shafi. Jerin "ough" ya fi wannan rikici: "though", "through", "tough", "cough", "thought". Dalilin yana cikin tarihi. A da wancan "gh" daga maƙogwaro ake fitar da shi, kusa da harafin kha da kuka koya a allo. Bakin mutanen Ingila ya bar shi, wani wuri ya koma "f", wani wuri ya yi shiru, rubutu kuma ya tsaya cik inda yake, musamman bayan William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476. Abin da ya haɗa kalmomin nan ke nan, sautin da ya daɗe da mutuwa. Sanin labarin yana rage haushi, amma kowace ɗaya sai an koye ta ita kaɗai, cikin jimlarta, da kunne.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne kun fi kowa sanin wannan a harshenku. Rubuta "gari" a allo ka tambayi yaro ma'anarsa, zai ce maka wanne, na tuwo ko na zama? "Kuka" itace ce da muke miya da ganyenta, kuma shi ne abin da jariri ke yi. "Wuya" shi ke ɗauke da kai, ita ce kuma ake cewa ba ta kisa. "Fari" launi ne, kuma shi ne abin da manomin Tanut ke roƙon Allah Ya raba shi da shi. Bokon Hausa ba ya rubuta karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, amma ba mai ruɗewa in yana karanta wasiƙa, don ido yakan dubi maƙwabtan kalma kafin ya yanke mata ma'ana. Malamanmu masu ajami sun ɗan fi mu a nan, tunda suna ja wa dogon wasali alif ko wawu ko ya, sai garin tuwo ya fita daban da garin zama. Ga kuma ƙugiya: a cire ta daga "ƙasa" a samu "kasa", a cire ta daga "ɗaura" a tsinci kai a Daura. Duk wannan kuna warware shi ba tare da tsayawa tunani ba. Da kun buɗe littafin Ingilishi sai ku manta kuna da wannan basira, alhali can ma haka abin yake. "Tear" biyu ce, hawaye da yagewa. "Lead" biyu ce, jagoranci da dalma. Furucinsu daban, kuma jimla ce kaɗai ke gaya maka wacce ke gabanka.

To, ga dangin jini. Duk wanda ya zauna gaban malam a Birni ko Garin Malam ya san a Larabci baƙi uku kan haifi gida guda. Daga kaf da ta da ba aka samu kitabu da katibu da maktaba, har "littafi" namu daga nan ya fito. Daga ha da kaf da mim muka ari hukunci da hikima da hakimi. Hausa ma tana da nata: ɗinka, ɗinki, maɗinki, karanta, karatu, makaranta. Ingilishi yana da irin wannan tsari, ya fi yawa a kalmomin da suka samo asali daga Latin. Tushen "port" yana nufin ɗauka. "Import" ɗauko kaya zuwa ciki, "export" fitar da su, "transport" tsallakar da su daga wuri zuwa wuri, "report" ɗauko labari a dawo da shi, "porter" ɗan dako, "portable" abin da ake iya ɗauka a tafi da shi. Jerin da aka gina a kan irin wannan tushe shi ne wanda ya cancanci daren mutum, don ka koyi ɗaya ka samu shida, kuma ranar da ka ci karo da ta bakwai, a ce "deport", za ka iya cinkar cewa ɗauke wani ake yi a fitar da shi. Amma ko a nan akwai baƙi. "Portion" kaso ne, "portrait" hoton mutum, kuma ba ɗayansu da ya fito daga tushen ɗauka. "Pen" da "pencil" ma, da suke kwana aljihu ɗaya suna aiki ɗaya, ba dangi ba ne: ta farko daga kalmar Latin mai nufin gashin tsuntsu ta fito, ta biyu daga wata mai nufin ƴar wutsiya, wato burushin mai zane. Wannan kuskuren bai cutar da kowa. Masu cutarwa suna gaba.

Babban jarinku shi ne Faransancin da kuka sha wahalarsa tun aji ɗaya. Yaron Kano da ya fara Ingilishi a firamare ya riga ku sakin baki, amma ranar da aka zo manyan kalmomin littafi ku ke gaba, ko ba ku sani ba. A 1066 William, sarkin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Tsawon kusan shekara 300 bayan nan Faransanci ne harshen fada da na shari'a a can, sai a 1362 aka yi dokar a riƙa yin shari'a da Ingilishi. Kafin nan dubban kalmomi sun riga sun shige sun zauna. Shi ya sa "justice" da "nation" da "table" da "question" da "village" suke nan a harsunan biyu ba a canja musu ko harafi ba. Mafi yawan kalmomi masu ƙarewa da "tion" za ku iya amincewa da su, ku gyara furuci kawai.

Wanda ya fi daɗi shi ne dangin da suka ɓoye kamanninsu, waɗanda jerin haruffa ba zai taɓa nuna muku ba. Kun san ƴar hular nan da Faransanci ke ɗora wa wasali a "forêt" da "hôpital" da "fête". A kalmomi da yawa alama ce ta wani "s" da ake furtawa a tsohon Faransanci, daga baya ya faɗi. Ingilishi ya ari kalmomin tun "s" ɗin na da rai, kuma bai yar da shi ba. Ku mayar da shi ku gani: "forest", "hospital", "feast". Haka "côte" ta ba da "coast", "bête" ta ba da "beast", "intérêt" ta ba da "interest". Kalmomi masu farawa da "é" ma sau da yawa "s" ne a wancan gefen: "étudiant" da "student", "état" da "state", "épice" da "spice", "étranger" da "stranger". Lakwal ɗin da muke faɗa, daga "l'école", da "school" na ƴan Najeriya, kakansu ɗaya a Latin. Akwai kuma "g" da ke amsa "w": "guerre" da "war", "garantie" da "warranty", har shi William ɗin Faransawa Guillaume suke ce masa. Ɗalibin da ya riƙe waɗannan ƙa'idoji uku ya fi mai shafi goma na "ear" samun kalmomi, kuma da yammaci ɗaya za a iya koya masa su. Ina mamakin yadda ba a fara darasin Ingilishi da su.

Matsalar ita ce an yi ƙarnuka da rabuwa, kuma kalma ba ta zama wuri ɗaya. "Mouton" a Faransanci dabba ce mai rai da kuma namanta. A Ingilishi "mutton" nama ne kawai, mai rai "sheep" ne, rago kuma "ram". Ana danganta wannan da zamanin da masu ci a fada Faransanci suke ji, masu kiwo kuma Ingilishi. Dillalin da zai kai raguna Maigatari gab da Layya, in ya rubuta wa mai saye cewa yana da "mutton" ɗari, ya shaida masa cewa an riga an yanka. "Journée" yini ne. Ingilishi ya karɓe ta da ma'anar tafiyar yini guda, a hankali "journey" ta zama tafiya kowace iri. Ku da kuke da unguwa sukutum mai suna Zango, inda ayarin Abzinawa ke sauke kaya, ba sai an yi muku bayanin auna hanya da yini ba. Wani lokaci ma Ingilishi ne ya riƙe tsohuwar ma'ana, Faransanci ya sake. "Librairie" a da ɗakin ajiye littattafai ce, kamar yadda "library" take har yau, sai Faransawa suka mayar da ita kantin sayar da su. Su kuwa "magasin" da "magazine" da mangazar da ƴan kasuwarmu ke ajiye buhuna, duka daga kalmar Larabci mai nufin ma'ajiya suka fito. Ɗaya ta tsaya a ajiyar kaya, ɗaya ta koma ajiyar labarai.

Malaman harshe suna kiran irin waɗannan abokan ƙarya. Inda suka fi cizo shi ne takardar neman makaranta ko aiki, don a can ba ka nan balle ka gyara da baki. A Faransanci "passer un examen" zama jarrabawa ne kawai, a ci ko a faɗi. A Ingilishi "pass" cin jarrabawa ne. Wanda ya zauna Bak bai samu ba, ya rubuta "I passed", ya yi ƙarya bai sani ba, kuma ranar da aka nemi takardar shaida ba mai yarda cewa harshe ne ya yaudare shi. "Demander" roƙo ne cikin ladabi, "demand" kuwa neman abu ne da ƙarfi, irin na mai bin bashi. Ka buɗe wasiƙarka ga magatakardan jami'a da "I demand", ka gama da kanka tun layin farko. "Request" ko "apply" ake cewa. "Stage" da kuka yi wata uku a wani kamfani, a Ingilishi dandamali ne ko mataki, abin da kuke nufi "internship" ne. "Formation" ɗinku "training" ne. "Licence" da kuka yi shekara uku kuna nema, mai karatu a Kano lasisin tuƙi zai fara kawowa a ransa, sai kun ce "bachelor's degree". "Collège" namu makarantar yara ce masu shekara goma sha, "college" nasu sau da yawa gaba da sakandare take. In kuma kun ce kun yi "assist" a wani taro, kun ce da ku aka shirya shi, alhali zama kawai kuka yi kuka saurara. Kalmar da kuke nema "attend" ce, ita ma tana da tata abokiyar ƙarya, "attendre", wadda ke nufin jira.

A ciniki akwai guda biyu da nake so ku sa wa jan biro. "Éventuellement" tana nufin wataƙila, in hali ya yi. "Eventually" tana nufin daga ƙarshe, ko ba daɗe ko ba jima. Mutum ya rubuta ta biyu yana nufin ta farko, ya ɗauki alkawarin da bai yi niyya ba. "Délai" wa'adi ne da aka ba ka, "delay" kuwa jinkiri ne da ka yi. Wanda ya roƙi abokin cinikinsa "delay" na mako biyu ana iya gane shi, amma wanda ya yi alkawarin kawo kaya "in the delay" ya bar mutane suna kallon juna. Akwai na ban dariya ma. Ɗan Zinder da ya fara jin ana ce masa "God bless you" yakan ɗan yi turus, don "blesser" a wurinsa ji wa mutum ciwo ne, alhali albarka ake sa masa.

Akwai kuma inda dariya ba ta shiga. Abin da Faransancin kanti ke kira "pétrole", wanda ake zuba wa fitila da risho, kananzir ne. Abin da Ingilishi ke kira "petrol" shi ne fetur, isansin da kuke zuba wa babur. Harafi ɗaya ne tsakaninsu a rubuce, kuma a gari irin namu da jarkoki ke ƙetare iyaka kullum, mai karanta rubutun jikin jarka da idon Faransanci yana iya zuba wa fitila abin da zai tashi da ɗaki. Ku dubi kuma tankokin da ke fitowa daga matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a kan hanyar Tanut. Kalmar "inflammable" da ake rubutawa a jikin tankar mai iri ɗaya ce a harsunan biyu, kuma tana nufin abu mai saurin kama wuta. Amma ɗalibin da ya haddace jerin "invisible", "incorrect", "incomplete", ya kammala cewa "in" kullum korewa take yi, zai karanta ta a juye. Wannan "in" ɗin wata ce daban, mai nufin shiga ciki. Saboda wannan ruɗani ne masu rubuta gargaɗi da Ingilishi suka fi son "flammable" yanzu. Haka "invaluable" ba ta nufin marar amfani, tana nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi.

Kada ku ɗauka ku ne farkon ƴan ƙasar nan da suka yi kokawa da wannan harshe. Wajen 1840 aka haifi wani yaro mai suna Dorugu a Dambanas, wani ƙauye na ƙasar Damagaram. Yana ƙarami aka kama shi bauta aka kai shi Borno. A Kukawa wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852 sai Dorugu da abokinsa Abbega suka bi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Tare suka sauka Zinder a ƙarshen wannan shekara, suka wuce har Tambutu, kuma a 1855 suka isa Landan. Can ya zauna wurin James Frederick Schön, wani ɗan mishan da ya daɗe yana bibiyar Hausa. Tun 1843 Schön ya buga ɗan littafin jerin kalmomin Hausa da ya tattara bayan tafiyarsa ta kogin Kwara a 1841. Galibinsa jeri ne, sai ɗan taƙaitaccen nahawu da ƴan jimloli. Sai da ya samu yaron da zai zauna ya ba shi labari da jimloli cikakku, labarin garinsu da kamunsa da hamada da teku da abin da ya gani a Ingila, da tatsuniyoyi, sannan aikin ya yi nauyi. Nahawunsa na Hausa ya fito a 1862, ƙamusunsa a 1876, littafin Magana Hausa mai ɗauke da labarin Dorugu a 1885.

Schön da manufarsa ta addini ya zo, wannan daban. Abin da nake so ku lura da shi shi ne Bature mai ilimi da haƙuri ya riƙe jerin kalmomi fiye da shekara goma, amma harshen bai buɗe masa sosai ba sai da ya ji shi yana tafiya a bakin mai shi. Shi ma Dorugu, a tsakiyar masu harshen ya koyi Ingilishinsa. Ya komo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta, daga ƙarshe ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano, kuma a Kano ya rasu a 1912. Da wuya a samu ɗan lakwal a Zinder da aka taɓa gaya wa sunansa, kuma wannan abin kunya ne a gare mu manya.

Tun da kunne ya shigo maganar, akwai kalmomin da harafi ɗaya ya raba, waɗanda bakinmu ke haɗewa. Faransanci ya koya muku haɗiye "h", sai ku ɗauki wannan ɗabi'a ku kai Ingilishi, ku da kuke cewa hanya da hula da haƙuri tun kuna goye. Sai "heat" ta koma "eat", "hair" ta koma "air", mai jin yunwa ya ce "angry" a ɗauka fushi yake. Wannan gyaransa sauƙi ne, ku tuna kawai cewa "h" ɗin Ingilishi irin namu ne, sai a ƴan kalmomi kamar "hour" da "honest". Wanda ya fi wuya shi ne "p" da "f", don Hausa ba ta raba su, mu a nan ma da yawanmu tahiya muke cewa. "Pull" da "full", "pan" da "fan", "copy" da "coffee", sai an tsaya gaban madubi an ga leɓɓa biyu sun haɗu a ta farko, haƙori ya taɓa leɓe a ta biyu. Su kuwa "ship" da "sheep", "live" da "leave", "fill" da "feel", mai raba garin zama da garin tuwo bai da uzuri a kansu. Irin wannan jeri na biyu-biyu yana da amfani, muddin da baki ake yinsa, wani na faɗa wani na cinka.

Kada ku yar da kayenku, ku canja masa tsari. Kalmar da kuka tsinta, ku kwafe ta tare da jimlar da kuka same ta a ciki, ko daga littafin aji ne ko daga takardar kwalin magani ko labaran rediyo. In ta yi kama da wata ta Faransanci, wannan dalili ne na buɗe ƙamus, kuma a nan ne lalaci ke kama mutum, don kalmar da ba ka taɓa gani ba kai da kanka za ka nema, wadda ta yi maka kama da sananniya ita ce za ka wuce. Waya tana ba ku ma'ana ɗaya, ta farko, ta yi shiru. Ƙamus na gaske yana jero ta biyu da ta uku da misalin kowace. Da zarar kun kai aji na uku na kwaleji ku fara saba wa kanku da ƙamus mai bayanin Ingilishi da Ingilishi, irin na A. S. Hornby da Oxford ta fara bugawa a 1948. Hornby a Japan ya koyar, don baƙin harshe irinku ya tsara shi, shi ya sa bayaninsa ke da sauƙi kuma misalai suka yi yawa. Akwai kuma ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990. Amfaninsa a gare ku babba ne, don yana kai ku ma'ana kai tsaye ba tare da an bi ta Faransanci ba, kuma a wannan ratsen ne mafi yawan abokan ƙarya ke tare hanya.

Saura lissafi, don da yawanku kasuwa za ku shiga. "Billion" a Ingilishi miliyan dubu ne, abin da Faransanci ke kira "milliard". "Billion" na Faransanci ya ninka wancan sau dubu, shi ne "trillion" a Ingilishi. Mai fassara labarin kasafin kuɗin Najeriya ga ƴan Nijar, ko na Nijar ga ƴan Najeriya, in ya bar kalmar yadda ya ganta ya ƙara sifiri uku ko ya rage. Waƙafi ma haka. A lakwal an koya muku cewa 1,250 ɗaya ne da kwata, a rasit ɗin Kano kuwa dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne, don su da ɗigo suke raba ɓangaren lamba, waƙafi kuma na dubbai ne. Kwanan wata ma yana da nasa: Ingila da Najeriya suna fara rubuta rana kamar mu, Amurka kuwa wata take farawa da shi, sai 3/4 ta zama uku ga Afrilu a nan, huɗu ga Maris a can. In takarda ta shafi kuɗi ko wa'adi kuma za ta ƙetare iyaka, ku rubuta adadin da lamba, ku sake rubuta shi da kalmomi a gefe, sunan wata kuma ku rubuta shi cikakke.